Yadda Na Zama Mai Faci

Da hantsin wata Asabar aka kwaɗa mini sallama. Na fito zaure da kofin shayi a hannu, sai ga yaron maƙwabta riƙe da keke, tayar baya a lafe kamar kwaɗon da mota ta bi ta kansa. Ya rusuna ya gaishe ni, sannan ya ce, "Malam, Inna ta ce in kawo maka. Wai yanzu kana taɓa faci."

Shekara 17 ina koyar da Hausa a wata sakandare a nan Bodinga. An kira ni da sunaye iri-iri, wasu a gabana, wasu sai na ba da baya, amma ba a taɓa haɗa ni da sholisho da famfon iska ba. Na shiga cikin gida na tarar da Inna tana tsintar wake.

"Inna, wa ya ce miki ina faci?"

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Da kunnena na jiya. Kullum dare kana bisa waya, faci bai kama ba, sun ƙi karɓar faci, a sake faci. Mi na abin ɓoyo? Sana'a ta, ba sata ba. Albashin ga naku dama ba shi kai ashirin ga wata."

A kan albashi ta faɗi gaskiya. A kan facin ma ba ƙarya ta yi ba, sai dai nawa facin ba ya riƙe iska.

Adashin malamai ne ya jawo mini. Ni ne uwar adashi, duk da gemuna, kuma tun da littafin zubi ya jiƙe a wata damina na koma rubuta lissafin a waya, cikin wata 'yar manhaja ta kyauta. Rannan na gano ashe tana jin Hausa. Na juya ta da murnata, sai allon farko ya tarbe ni da cewa: "Zabi kasarka."

Na ajiye wayar. Na sake ɗauka. Zabi dai jam'in zabo ne, kasa kuwa macijiyar nan ce sarkin barci. Wato abin da na damƙa wa amanar kuɗin mutum 14 yana yi mini maraba da zabi da maciji. Ni kuwa mutum ne mai yanke rabin maki a kan kowace ƙugiya da ɗalibi ya manta, har yara suka laƙaba mini Malam Ƙugiya. Na sha gaya musu cewa tun shekarun 1930, zamanin su Rupert East a Zariya, aka lanƙwasa wa ɓ da ɗ da ƙ kai, don kada fada ta rikiɗe ta zama faɗa, kada baƙi su koma baki. Balle a garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna yana rubuce-rubucensa, lokacin da Shehu yake nan Sifawa kusa da mu. A irin wannan gari ai kuskure bai isa ya kwana ba. Da wannan na riƙa hura wa kaina iska har ƙarshen mako.

Akwai wani tsohon ɗalibina da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Da ya zo gida na nuna masa, na ce ya samo mini adireshin kamfanin in rubuta musu wasiƙa mai zafi. Ya yi irin dariyar da a da ba ya iya yi a gabana.

"Malam, ai babu kamfani. Buɗaɗɗiyar manhaja ce. Duk abin da aka gina ta da shi yana fili, kowa na iya dubawa, kowa na iya gyarawa. Kamar gayya ce, sai dai gonar ta kowa ce."

Ya ce da haka aka gina manyan abubuwa. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara Linux a 1991, mutane daga ko'ina suka riƙa aiko masa da gyara, yau ga shi a cikin duk wayar Android da ke aljihun 'yan kabu-kabu. Shi ne kuma ya ƙirƙiro Git a 2005 don riƙe tarihin gyare-gyaren: wa ya taɓa me, yaushe, don me. Gyaran da mutum zai aika shi ake kira faci, kuma kalmar ita ce dai ta bakin tasha. Wai a zamanin da ake ba kwamfuta umarni da takarda mai huje-huje, in aka huda inda bai dace ba sai a liƙe ramin da 'yar takarda. Ba a aika littafi sukutum, layin da ka cire da wanda ka sa kawai ake nunawa, na cirewa da ja, na sawa da kore. Na ce ai wannan tsohon abu ne a wurinmu, masu kwafar littattafai da tawada a gefen shafi suke rubuta gyara.

"To ka gani. Harafi biyu ne kawai. Minti biyar ne, Malam."

Duk wanda ya ce maka abu minti biyar ne, ka duba ko jakarsa tana rataye a kafaɗa. Ya saka mini Git a tsohuwar kwamfutata, ya buɗe mini rajista a GitHub, ya tambayi sunan da zan yi amfani da shi. Na ce ya sa Ɗan Bodinga, kuma ya tabbata Ɗ ɗin da ƙugiyarta. Ya rubuta mini matakai a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa, ya hau mota sai Sakkwato.

Bayan sallar isha'i na zauna. Na kwafo kayan manhajar, na nemo fayil ɗin Hausa, na buɗe shi da abin rubutun da na saba buga jarrabawa da shi. Na mayar da b ta zama ɓ, k ta zama ƙ. Na adana. Har na ji tausayin mutanen da suke kwashe shekara huɗu a jami'a a kan wannan.

Mataki na gaba shi ne ƙulla gyaran tare da ɗan bayani. Ina buga umarnin sai wani baƙin allo ya buɗe. Tunda mutanen da ban sani ba zan yi wa magana, kuma ba a daji na tashi ba, sai na fara da sallama. Na ga ta fito "ssalamu alaikum". Daga baya na ji cewa a wannan allo, wanda ake kira Vim, babban A ba harafi ba ne, umarni ne na a fara rubutu, shi ya sa ya haɗiye shi. Na ci gaba: gaisuwa, fatan alheri ga iyalai, taƙaitaccen tarihin rubutun boko, sannan bambancin zabo da zaɓe. Sakin layi biyar. Na gama, na nemi ƙofar fita.

Babu ƙofa. Na danna duk abin da yake da kamar mafita, allon sai ƙara haruffa yake yi a gindin wasiƙata. Na rufe murfin kwamfutar na buɗe, yana nan. Na yi alwala na dawo, yana nan. Ƙarfe ɗaya na dare na kira ɗalibin nan nawa, kuma ina jin a nan ne Inna ta fara kasa kunne. Cikin magagin barci ya ce in danna Esc, in sa ɗigo biyu, sai w, sai q. Ya ce kada in ji kunya, tambayar yadda ake fita daga Vim an leƙa ta fiye da sau miliyan ɗaya a shafin Stack Overflow tun 2017. Na ce ashe kurkukun da jama'a.

Na tura facin, na rubuta takardar roƙon a karɓa, na kwanta ina tunanin yadda zan ba da labari a ofishin malamai ba tare da an ce na yi alfahari ba.

Da asuba na ga an amsa. Wani ya dangwara mini jan kuros, ya jero laifuffuka da Turanci ba ko sannu. Na mayar masa cikin ladabi, na tambayi lafiyarsa da ta iyali, na ce ɗan'adam ajizi ne. Shiru. Na sake gaishe shi da azahar. Shiru. Na kira ɗalibina na ce mutanen nan ba su da tarbiyya. Ya ce, "Malam, wannan inji ne. Shi yake fara duba kowane faci." Yini guda ina gaida janareto.

Mai riƙon manhajar, wadda sai da yardarta faci ke shiga, sai dare ta bayyana. Wata baiwar Allah ce a Turai, da rana tana aikin da take ci da shi, da dare ta zauna duba facin irinmu, ba mai biyan ta. Ta yi godiya sosai, irin godiyar da likita ke farawa da ita. Ta ce bayanin ƙulli layi ɗaya ake so a sama, kada ya wuce harafi 50 ko kusa da haka. Sannan ta ce na rubuta cewa harafi biyu na gyara, amma facina ya taɓa layi 2,316. Ko zan duba?

Na duba. Ja daga sama har ƙasa. Ban taɓa yi wa takardar ɗalibi irin wannan wanka da jan biro ba, ko a shekarar da na fi zafi.

Ashe ɓarna uku na yi a zama ɗaya. Ta farko gadon tafireta ce. Wanda ya taɓa ganin akawu yana bugu a sakatariya ya san in layi ya ƙare motsi biyu ake yi, a mayar da keken farkon layi, a kuma murza takarda sama. Windows har yau tana sa alamomi biyu da ido ba ya gani a ƙarshen kowane layi, Linux kuwa ɗaya take sawa. Abin rubutuna ya bi layukan nan kaf ya ƙara musu ta biyun, Git kuma layi-layi yake kwatantawa, don haka a wurinsa ban bar komai yadda na same shi ba.

Ta biyu ita ta fi yi mini ciwo. A tsarin UTF-8 da aka adana fayil ɗin, kowane harafi mai ƙugiya gurbi biyu yake ci. Tsohon abin rubutuna bai san haka ba, sai ya karanta kowane gurbi a matsayin harafin Turawa mai zaman kansa, ya kuma adana su a haka. Duk ƙ da masu fassarar farko suka rubuta daidai ta koma Æ™, duk ɓ ta koma É“. Ƙugiya biyu na ceto, na hallaka sauran dangin gaba ɗaya. Garin gyaran gira na tsone ido. Malam Ƙugiya.

Ta ukun kuwa, a takardar ɗalibina akwai wani umarni da ya ƙare da ɗigo. Na ɗauka aya ce, har na yaba masa a raina. Ashe ɗigon nan yana nufin a kwashe duk abin da ke cikin jakar. Ni kuma a daren, da yake jakar ce a buɗe, a ciki na adana jerin kayan lefen ƙanena, wanda zai auri wata yarinya a Shagari. Mai riƙon manhajar ta tambaya cikin natsuwa ko wannan fayil wani sashe ne na fassarar. Akwati saiti ɗaya, leshi 3, shadda 2, mayafai, takalma da jakunkuna, atamfa turmi 12. A gaban atamfar kuma ga bayanin da na rubuta wa kaina: "Huɗu kawai 'yar Holan, a shimfiɗa su a sama. Sauran 'yar Caina a ƙasa, ba za su gane ba."

Na ce da sauƙi, ai ba ta jin Hausa. Sai ga wani ya shigo zancen, ɗaya daga cikin masu fassarar, mutumin Maraɗi. Ya rubuta a bainar jama'a: "Malam, sannu da ƙoƙari. Ba ruwana da zancen lefe, amma ni a kasuwa na girma. Za su gane."

Jikina na ɓari na goge fayil ɗin na sake turawa. Ɗalibina ya ce na makara, Git an yi shi ne musamman don kada ya manta, gogewar ma sabon shafi ce a tarihi, na baya yana nan. Mafita ita ce in rufe wannan roƙon, in yanki sabon reshe, in fara daga farko. Kwana tara ina wannan fama, kowane dare da irin jan kuros ɗin da nake samu. Ana cikin haka aka kawo keke. Ana cikin haka kuma mai riƙon manhajar ta ce daren Lahadi za ta rufe karɓar gyara don fitar da sabon zubi. Lahadin ce ranar ɗaurin aure.

Na hau mota a bakin titin da ya fito daga Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega, babbar riga a jiki, kwamfuta a ƙarƙashinta, sadaki a aljihun gaba, don ni aka ba riƙo a matsayin babban wa kuma mai hankalin gida. Muka isa Shagari da sauran lokaci. Babu wuta, batirin kwamfutata kuwa minti 20 yake yi in ya ga dama. Na zame daga cikin 'yan rakiya na sami wani mai cajin waya a bakin hanya, ƙaramin janaretonsa yana tari. Ya auna kwamfutar da ido ya ce kuɗin waya biyar. Na biya. Na zauna a kan benci tsakanin wayoyi kusan arba'in, na jona ta da intanet ɗin wayata, wadda sai na ɗaga ta sama da hannun hagu take kamawa.

A wannan karo na yi komai a tsanake. Layi ɗaya ja, layi ɗaya kore. Bayani kalma huɗu, babu sallama, Allah ya yafe mini. Na tura, sai aka ce an yi karo. Ashe mutumin Maraɗi ya taɓa layin da ke manne da nawa, Git kuma ba ya raba gardama. Sai ya jera kibiyoyi bakwai a sama, bakwai a ƙasa, ya ja shinge a tsakiya, ya ce ga naka ga nasa, ku kuka sani. Abin da ya canza shi ne 'y ta koma ƴ, don a Nijar da ƙugiya suke rubuta ta, mu a Najeriya da 'yar waƙafi a sama. Nan fa malanta ta motsa. Na rubuta masa hujja, ya rubuto tasa. Mai riƙon manhajar ta leƙo ta ce ita ba ta san wannan harafi ba, mu daidaita tsakaninmu. Ina tsakiyar sakin layi na uku sai ga saƙonsa: "Malam, ka bar mini ƴ, ni kuma ba zan ƙara tayar da zancen atamfa ba."

Shekara 17 ina kare ƙa'idar rubutu. A minti ɗaya na sayar da ita.

Ina share kibiyoyin ne wani yaro ya iso a guje yana haki. "Malam, kai aka jira! Liman ya tambayi sadaki har sau ukku!" Na zabura na fizgi kwamfuta, wayoyin mutane biyu suka biyo igiya. Na isa ƙofar masallaci ina gumi, na kutsa tsakanin manyan riguna, na miƙa sadaki, igiyar caji tana jan ƙasa a bayana kamar akuyar da ta tsinke. Aka ɗaura, aka shafa fatiha, aka raba goro da alewa. Ango bai dube ni ba sai bayan la'asar.

Kawu ne ya ja ni gefe, ƙanen Inna, wanda ya yi wakilcin ango. Na yi masa bayani tun daga zabi har zuwa Maraɗi. Ya saurara yana ɓantarar goro.

"Kuɗɗi nawa anka ba ka?"

"Kawu, ba a biya. Kamar gayya ce."

"Ko gayya ai ana dama ma mutane hura. Kai ka sayi data, kai ka biya caji, kai ka yi aiki, kuma kai anka yi ma hwaɗa?" Ya nuna cikin gari da haɓa. "Shehu Shagari da kainai ya yi malanta kahin shi zama shugaban ƙasa, amma wata-wata aka biyan shi. Wanga shi na shiga sharo ba shanu."

Na ce masa ita ma matar ba a biyan ta, kuma in gyaran ya shiga, duk Bahaushen da ya buɗe manhajar, daga nan har Kumasi, zai ga harshensa daidai. Ya ce Allah shi kyauta, da ni da ita.

Kafin mu tashi aka ce in shiga cikin gida in gaida surukai mata. Gwaggon amarya, wata dattijuwa mai tabarau a karan hanci, ta amsa gaisuwata da fara'a. "Malam, mun ga kaya, Allah shi saka da alheri." Ta ɗan tsaya. "Musamman turmi huɗun ga na bisa."

Ba ta da GitHub. Yatsa biyu gare ta.

A mota, muna dab da Bodinga, wayata ta yi ƙara. Koren maki daga injin da na yini ina gaisarwa, a ƙarƙashinsa kuma mai riƙon manhajar ta rubuta cewa ta haɗe facina, ta gode. Na yi kabbara da ƙarfi har direba ya taka birki yana tambayar me muka taka.

Bayan mako biyu sabon zubi ya fito. Na sauke shi a ofishin malamai, na tara 'yan adashi, na buɗe. "Zaɓi ƙasarka." Ɗaya daga cikinsu ya ce shi bai ga bambanci ba, yaushe ne kwasarsa? Na ce su dakata, akwai shafin da ake jera sunayen waɗanda suka taimaka. Na gangara ƙasa, ƙasa, can kusa da ƙarshe, sai ga ni: ÆŠan Bodinga.

Na kira ɗalibina. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, wani fayil ne daban, ni ma zan iya tura faci. "Minti biyar ne, Malam." Na kashe wayar.

Keken kuwa, ban iya mayar da shi a lafe ba, don kada a ce Inna ta yi ƙarya a unguwa. Tun daren Asabar ɗin na tura shi ta bayan layi zuwa wurin mai facin bakin tasha. Ya zare tub ɗin, ya hura, ya nutsa shi a wani baƙin ruwa cikin rabin jarka har kumfa ta nuna ramin. Ya kankare wurin, ya shafa sholisho da ɗan yatsa, ya jira ya sha iska, ya manna, ya bubbuga. Ko minti goma bai yi ba. Ya karɓi naira 300 daga aljihuna, babu wanda ya ce ya rage bayani. Da safe na mayar wa yaron, Inna kuma ta bi gida-gida tana cewa facin ɗanta ko ƙaya ba ta huda shi.

Yau Asabar. Tun ɗazu nake jin sallama, na leƙa ta taga: kekuna biyu ne a zaure, da baro ɗaya.